Wane Kofi Za a Ba Dinanath?

Dinanath Bharti mai gyaran keken ɗinki ne a Kanpur ta ƙasar Indiya, kuma duk faɗin unguwarsu shi kaɗai ne bai san jatinsa ba, wato ajin asalin da mutum ke gada, babba ko ƙasƙantacce. Ba ɓoyewa yake yi ba. Tsakani da Allah bai san ko kakanninsa limaman haikali ba ne, ko manoma, ko masu shara.

Ubansa Baijnath ya baro ƙauye zamanin da samari suka yi ta zubar da sunayen zuri'arsu, wai kowa ya zama ɗaya. Ya yar da nasa ya ɗauki Bharti, wato ɗan Indiya, shi ke nan. Matarsa ta rasu Dinanath yana rarrafe, shi kuma ya kama bakinsa har ya koma ga mahaliccinsa. In yaron ya ce, "Baba, mu su wane ne?" sai ya ce, "Mu masu jin yunwa ne. Tashi ka hura wuta."

To, a ƙasar nan ba mai tambayarka jatinka gatsal. Haba, ai an waye, kowa ya yi boko! Kewaye ake yi. A jirgin ƙasa wanda ke gefenka zai miƙo maka gyaɗa, ya tambayi sunanka. Bharti? Madalla, Bharti me? Sunan mahaifi fa? Wane ƙauye? Kuna cin nama a gida? Dinanath yakan amsa duka da gaskiya, ya zuba ido yana kallon mutumin yana lalube kamar makaho a ɗakin da ba nasa ba. Wani ya ce hancinsa na manyan gida ne. Wani ya ce ai ba mai yar da zinariya, duk wanda ya yar da suna ƙasƙantaccen suna ya yar.

Abin bai taɓa ɓata masa rai ba, mamaki yake ba shi, har ya zame masa abin nishaɗi. Sana'arsa ta shiga gidaje ce, kuma kowane gida sai an yi masa shayi. Nan ne wasan yake. Akwai kofin ƙarfe na 'yan gida, akwai na tangaran na baƙin kirki, akwai kuma wani tsagaggen kofin gilashi a bayan taga, na mai kwashe shara. Yana zaune yana ɗiga wa keke mai, amma wutsiyar idonsa na kan hannun uwargida, yana ganin yadda yake shawagi tsakanin kofunan ya rasa inda zai sauka. Matar da ɗanta ke aikin kwamfuta a Turai, hannunta ma sai ya yi wannan shawagin. Da kofin takarda ya shigo gari, Dinanath ya ce wanda ya ƙirƙiro shi ya fid da matan Kanpur kunya, amma ya kashe masa kallo.

Matarsa Sumitra malamar firamare ce. Ranar da ya fara nuna yana ciki, bayan ya gyara keken makarantarsu sau uku ba abin da ya same shi, ta ce masa, "Malam, mu majema ne. Fata muke jima tun kaka da kakanni. Ka ji tun yanzu, kada a je gaba ka ce an rufe ka."

Ya ce, "Ni kuwa ban san ko su wane ne mu ba."

"Maƙaryaci!"

Da ta gane gaskiya yake faɗa, sai ta aure shi. Tun tana yarinya a bayan aji take zama, ta girma ta zama malama amma har yanzu akwai abokan aikin da ba sa taɓa kwanon abincinta. Gidan Dinanath ne kaɗai wurin da ba kowa a samanta, kuma wannan take so fiye da komai a duniya. Suka haifi 'ya ɗaya, Renu, suka yi shekara ashirin da wani abu suna faɗa a kan gishiri da kuɗin lantarki kamar kowa.

Renu ce ta jawo. Ta sa tsohon hoton kakanta a waya, hoto ya yi ta yawo har ya isa wani ƙauye can gabas, aka bugo aka ce Baijnath yana da ƙanwa da rai, Rampyari, kuma za ta zo wankan ibada a kogin Ganga, tana so ta ga ɗan yayanta.

Dinanath ya kasa zaune ya kasa tsaye. Sumitra ta ce, "Baban Renu, mai tonon rami ba ya zaɓen abin da zai fito."

"Ke dai tsoro kike kada a ce mu ma majema ne, ki rasa abin yi mini gori."

"Allah ya sa," in ji ta, ba ta yi dariya ba.

Goggo Rampyari ta iso da hantsi, 'yar tsohuwa a ranƙwashe cikin farin zane, da ƙunshinta a hammata. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta fashe da kuka, wai ga goshin yayanta, ga kunnensa. Shi ma ya yi hawaye, domin tun rasuwar ubansa bai taɓa ganin wani mai jininsa ba ban da 'yarsa. Sumitra ta durƙusa ta taɓa ƙafarta, ta shiga ta fito da gurasa mai zafi, miyar wake da dankali.

Tsohuwa ta dubi farantin, ta dubi mai farantin. "'Yata, 'yar gidan su wane ce ke? Wace unguwa? Mahaifinki me yake yi?"

"Majemi ne, Goggo."

Goggo ta janye bakin zanenta a hankali, ta ce af, ta manta yau tana azumi. Can kuma sai ga ta ta kwance ƙunshi, ta fito da butarta ta tagulla da garin wake, ta je famfo da kanta ta ɗebo ruwa ta dama. Tana sha tana girgiza kai.

"Kaico, ɗan Baijnath! Ko zaren 'yan gidan limamai babu a kafaɗarka. Kakanka fa limamin haikali ne, ƙauye guda ke layi su taɓa ƙafarsa. Ba a ɗaura aure, ba a raɗa suna sai ya buɗe baki. Ubanka ya tsinke zarensa a gaban jama'a don an hana wani majemi ruwan rijiya, ya kama hanya, ko waiwaye."

Ashe zinariyar aka yar. Wani abu mai ɗumi ya taso wa Dinanath daga ciki, abin da bai san yana da shi ba. Kafaɗunsa suka miƙe da kansu, bakinsa ya ɗan buɗe da murmushi. Daɗi ya ji, daɗi ƙarara, ba shi da wani suna. Bai fi ƙiftawar ido ba, sai kunya ta rufe shi. Ya jawo farantin da aka ƙi, ya gutsuri gurasa ya ce, "Goggo, a gidan nan hannu ɗaya ke girki, kuma shi ya ciyar da ni har na yi furfura. Mai azumi ya yi azuminsa." Ya cinye tas, har da suɗe yatsa.

Da la'asar ya raka tsohuwa tasha, ya dawo yana ganin ya fita kunyar matarsa. Ya tarar da ita a tsakar gida tana wanke-wanke. Ya tsuguna kusa da ita ya ce, "Kin dai ji yadda na gaya mata."

"Na ji. Ka kyauta."

"To mene ne kuma?"

Ta ɗauraye faranti ta kife, ta goge hannu a zane, sannan ta ɗago ta dube shi. Ba fushi a idonta. Kallo ne irin wanda ake yi wa baƙon da ake so a gane daga ina ya fito.

"Ba ruwana da gidan da aka haife ka, Baban Renu, ba kai ka zaɓa ba. Murmushin nan nake tambaya. Duk shekarun nan da nake kwana ina tashi da kai, a ina ka ajiye shi?"

Shi ma Dinanath abin da ya yi ta tambayar kansa ke nan tun daga tasha.