Ederlyn, Wadda Ƙwallo Ta Hana Zama

Ƙanwata Ederlyn ba ta taɓa gama cin abinci a zaune ba. Tun tana ƙarama, in Nanay, mahaifiyarmu, ta zuba mata shinkafa da busasshen kifi, sai ta ɗauki kwanon ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, tana ci tana leƙen hanya.

"Inday, kujerar nan cizo take yi ne?" in ji Nanay, da sunan da ake kiran 'ya mace a wajenmu.

"A'a, Nay. Ƙwallo na ji ana bugawa."

Kuma da gaske ana bugawa. A unguwarmu, can bayan garin La Carlota inda gonakin rake suka zagaye mu, ba a rasa mai buga ƙwallon kwando tun safe har faɗuwar rana. Filin namu turɓaya ce, da faifan katako a jikin bishiyar kwakwa, da zoben ƙarfe wanda mahaifinmu Tatay ya lanƙwasa da hannunsa. Tatay direban motar ɗaukar rake ne, mutum mara yawan magana. Ni ne babban ɗansa, Esteban, ana ce mini Teban, babur ɗin haya nake tuƙawa, irin mai akwatin fasinja a gefe. Ederlyn ce auta.

Ba doguwa ba ce. Har yau da ƙyar take wuce kafaɗata. Amma gudu ne da ita kamar an kunna mata wuta, ga hannu mai saiti. Ranar da ta fara kutsawa cikin wasan masu saran rake, ƙarti majiya ƙarfi, sai da suka yi mini ihu.

"Teban, zo ka ɗauke ƙanwarka kafin mu take ta!"

Ta cire silifas ɗinta ta jefar gefe, ta shiga ba takalmi. Kafin rana ta yi sanyi sai ga su suna haki, wani Boyet ya dafa gwiwa yana cewa, "Teban, don Allah zo ka ɗauke ta, ta ishe mu haka."

A gasar makarantu da aka yi a birnin Bacolod wani koci daga Manila ya gan ta, ya ce jami'arsu za ta ɗauki nauyin karatunta in za ta buga musu. Nanay ta yarda ne saboda takardar shaida, ba don ƙwallo ba. Ederlyn ta tafi, ta ciyo musu kofuna, ta gama karatun kasuwanci. Sai abin ya tsaya cak. Samarin da suka gama tare, manyan ƙungiyoyi suka kwashe su, muna ganinsu a talabijin suna tallan lemo. Mata kuwa, a lokacin babu inda za su buga a ƙasar nan har su ci abinci da wasan.

Ta dawo ta kama aiki a Bacolod, a wani kamfani da ake amsa wayar Amurkawa masu ƙorafin firji ya lalace ko intanet ta ɗauke. A tsaye take amsa wayar, tana kai da kawo iya tsawon igiyar, har shugabarta ta yi mata magana. Ran Lahadi in ta zo gida sai ka ga ta rame, ga saurin fushi. Ta shiga fili ta yi ta bugawa kamar da gayya. Wata rana ta ɗaga gwiwar hannu ta fasa wa Boyet hanci, ta zauna a turɓaya ta fi shi kuka.

"Manong," ta ce da ni muna komawa gida, kamar yadda ake kiran yaya a wajenmu, "ji nake kamar an kulle ni a cikin kwali. Ƙafata na nan lafiya lau, ba inda zan kai ta."

Ba a daɗe ba tsohon kocinta ya kira. Wata ƙungiyar mata a Malesiya tana neman 'yar wasa daga waje, ya aika musu hotunan wasanninta, sun ce ta zo. Nanay ta ajiye ludayi.

"Ƙwallo? Har wata ƙasa? 'Ya'yan mutane na fita su yi aikin jinya, wasu su hau jirgin ruwa, ke kuma za ki je ki yi tsalle-tsalle da gajeren wando? Ga aikinki mai na'urar sanyi!"

Tatay yana gefe yana wanke hannu. Bai ɗago ba ya ce, "Wane irin takalmi ake sakawa a can?" Washegari ya roƙi wani ya tuƙa masa mota, ya kai ta Bacolod ya saya mata takalmin. Wannan ne iyakar abin da ya faɗa a kan maganar.

A Malesiya shekara ɗaya ta yi. Suka ɗauki kofi, aka ba ta kyautar wadda ta fi kowa iya wasa. Mun ɗauka za ta zauna ta ci moriyar abin, sai ga waya wai Taiwan ta nufa, can gasar ta fi zafi.

A Taiwan ne sunanta ya tashi, kuma ta hanyar da ba ta zata ba. Matan ƙasarmu sun yi yawa a can, masu aiki a masana'antu da masu kula da tsofaffi a gidaje, hutunsu ran Lahadi ne kawai. Wata ta ji labarin akwai 'yar Negros, tsibirinmu, da ke bugawa, ta jawo ƙawayenta. Mako na gaba suka ninka. Kafin a je ko'ina sun cika ɓangare guda na zauren, sun zo da kulolin abinci, suna buga murfin tukunya, suna yi wa alƙalin wasa tsiya da yarenmu, shi kuwa bai san me suke cewa ba. In an tashi sai su tare ta a ƙofa, wannan ta rungume ta, waccan ta cusa mata soyayyen kifi a jaka. Ƙungiyar da ta ga haka sai ta manna hotonta a jikin motocin bas na garin.

A unguwarmu kuwa ba wanda ya sani. In an tambayi Nanay sai ta ce, "Tana aiki a Taiwan," ta ja bakinta. Maƙwabciyarmu Manang Soling, mai shagon kayan masarufi, ita ta cike sauran.

"Wankau take yi a gidan wani tsoho, kunya ce ta hana su faɗa. Karatun jami'a guda! Ni fa ban ce komai ba."

Sai ga 'yar ƙanwar Manang Soling ɗin ta zo hutu daga Taiwan, ta sauka daga babur ɗina sanye da jar riga, an rubuta TABLIGAN ɓaro-ɓaro a baya, sunan gidanmu. Da ta gane ni wan Ederlyn ne sai ta ƙwalla ihu, ta ce sai mun ɗauki hoto. Tun daga ranar Manang Soling ta fito da talabijin ɗinta bakin shago, ɗanta ya haɗa da waya, duk Lahadi da la'asar unguwa ta taru. Ita ce ma ta fi kowa baki.

"Ai tun tana cikin zani na san yarinyar nan ba ta nan ba ce!"

Tatay ba ya zama a benci. Can baya yake tsayawa, ya harɗe hannu. In aka ba Ederlyn jifan fanareti sai ya juya ya zagaya bayan motarsa yana duba tayoyi, sai ya ji ihu sannan ya dawo.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ta kira ni wata rana ina layin jiran fasinja.

"Manong, wasu daga Japan sun zo kallona. Akwai kuma maganar Ostareliya."

"Ke dai ki gama wannan tukuna. Hotonki fa yana jikin bas, me kuma kike nema?"

"Bas ɗin ai fenti za a sake masa. In na tsaya, wata 'yar shekara ashirin za ta bi ta kaina ta wuce."

Ana tsakiyar kakar saran rake Tatay ya yanke jiki ya faɗi yana saukowa daga mota, a layin shiga masana'antar sukari. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. A lokacin ƙungiyarsu Ederlyn ta kai wasannin ƙarshe. Nanay ta ce kada a gaya mata sai an gama. Na ce in ta ji daga baya ba za ta sake yi mana magana ba, na kira ta. Ba ta ko tsaya kwashe kayanta ba, da jakar fili ta iso asibiti. Ƙungiyar ta sha kashi, da sabuwar kaka ta zo suka ɗauko wata a madadinta. Mutanen Japan ma ba su sake kira ba.

Jinyar da ta yi wa Tatay, ban taɓa ganin irinta ba. Ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, amma duk ta mai da abin atisaye. Ta ajiye kwandon wanki a tsakar ɗaki, ta danƙa masa lemun tsami a hannun da ya mutu.

"Tay, jefa. A'a, ba da na hagu ba, na gan ka. Sake."

Wata rana da ta matsa masa, ya kalle ni, ya haɗa maganar da ƙyar: "Alƙali… kore ta." Muka yi dariya har da hawaye. A hankali hannun ya fara motsi, ya soma takawa da sanda.

Da Tatay ya samu sauƙi, sai nata ciwon ya fito fili. Ƙaramar hukuma ta ba ta aikin kula da wasanni, da tebur da kujera mai juyawa, wata bai ƙare ba ta ajiye. Da sassafe sai ta bi tsakanin gonakin rake da gudu, karnuka na bin ta, ta dawo jiƙe da gumi ta duba waya. Babu kira. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta duba waya. Ta haura talatin a lokacin, kuma ta san masu neman 'yan wasa shekaru suke fara tambaya.

Kiran da ya zo daga ƙarshe daga Mongoliya ne. Babu wanda ya san inda take a unguwarmu, sai da ɗan Manang Soling ya nemo mana a waya, muka ga dusar ƙanƙara da mutane cikin rigunan gashi. Ederlyn ta ce ba za ta je ba, ba za ta bar Tatay ba. Ta faɗi haka, amma a ranar faranti biyu suka suɓuce mata. Nanay ta tsaya tana kallonta tana tsince fasassun.

"Inday, tashi ki haɗa kayanki."

"Nay, na ce ba zan je ba."

"Kin ɗauka ke kike jinyarsa? Shi yake jinyarki yanzu. Kina zirga-zirga idonsa na bin ki, ya kasa hutawa, ni ma na kasa. Kin cinye mini daɓen ɗaki da sintiri, yanzu kin koma kan farantina. Ni ban taɓa son ƙwallon nan ba, har gobe ba na son ta. Amma gara ki yi ta tsallenki a can da ki bushe mini a nan."

Ederlyn ta durƙusa gaban Tatay ta ɗora hannunsa a goshinta don neman albarka. Ya ɗan buga mata kai da hannun daman, wanda ta tayar. Nanay da kanta ta je gwanjo ta nemo mata wata ƙatuwar rigar sanyi mai warin ajiya.

Ta je ta buga, kuma ta yi kyau. Ba bas, ba murfin tukunya, amma yaran garin sun koyi kiran sunanta, suna karya shi yadda suka iya. Ta ce in ta fita waje gashin hancinta daskarewa yake yi. Nanay ta ce maganinta ke nan.

Tatay ya ƙara shekara ɗaya da wani abu, ya rasu da damina, cikin barcinsa na rana. Muka jinkirta jana'iza har ta iso, kamar yadda ake yi a duk gidan da ke da ɗa a waje. Ta ƙi yarda ta bi sahun mata a baya, ta sa kafaɗa a akwatin tare da mu, ita ce gajera, sai da muka rage tsawo don nauyin ya daidaita. Da aka gama addu'o'in makoki na kai ta tashar mota.

Yanzu tana Tailan, rabi 'yar wasa rabi mai horar da ƙanana. Gwiwarta ta hagu kumbura take yi bayan kowane wasa, likita ya ce ta bari, ta ce ta ji. Ta sayi fili kusa da namu, ta ce gida za ta gina, har an sauke yashi. Yashin ya yi ciyawa, awakin Nanay ne ke kiwo a wurin.

Makon jiya ta kira ni ina wanke babur. Na tambaye ta yaushe za a fara ginin, don magini ya dame ni.

"Ka ce masa ya ƙara haƙuri, Manong. Kai, ba ka ce matar abokinka Nestor tana da 'yar'uwa a Perth ta Ostareliya ba?"

"Me za ki yi da ita?"

"Tambaya kawai nake yi. Akwai wata ƙungiya a can, ba babba ba ce, an ce ba su damu da shekaru ba."

Na ce zan tambayi Nestor. Ban gaya wa Nanay ba tukuna, sai na ga ta ci abinci ta huta.