Katina a ordinatar mai siber

A duk Yamai ba a yi mai tsaron sirri kamar ni ba. Haka nake faɗa a biro wurin aiki, haka nake faɗa wurin shayi. Lambar sirrin salulata ko matata ba ta sani ba, ni kaina sai na yi alwala nake tuna ta. Da aka tara mu ma'aikata a Plateau aka yi mana bayanin dokar kare bayanan mutane, ni na fi kowa gyaɗa kai, har wuyana ya yi kwana biyu yana ciwo.

Ranar wata Asabar maƙwabcina, wani tela ɗan Tawa, ya tare ni a ƙofar gida.

"Alhaji, ashe ka girme ni da shekara shida kake ce mini yaya? Na gan ka jiya a siber ɗin Lazaret, shagon intanet ɗin nan. Katinka na ɗan ƙasa, gaba da baya, a fuskar ordinatar, kwamfutar shagon."

Na yi dariyar yaƙe. Watan da ya wuce na je can aka tura dosiyen takardun ɗiyata ta intanet, har da hoton katina a ciki. A taron nan an gaya mana da hoton kati kaɗai wani zai iya yankar pus, wato layin waya, da sunanka, ya damfari mutane, kai kuma a zo a ɗauke ka. Kafin in sami kabu-kabu, a raina an riga an kai ni komisariyar 'yan sanda, an aske ni, matata tana kawo mini tuwo a kwano.

Na tarar da mai siber yana cin gyaɗa. Ga ni nan kuwa a allo, tsakanin takardar auren wani da sakamakon asibitin wata baiwar Allah, kowa ya zauna sai ya gan mu.

"Malam, akwai doka," na ce. "Ba ka da izinin ajiye ni. Goge ni yanzu."

"To, Alhaji." Ya danna, na ɓace.

"Wa da wa suka gani? Wa ya kwafa?"

"Allah kaɗai ya sani."

Na zauna a benci ba tare da an ce in zauna ba. Na shiga lissafa masa abin da ke jiransa in aka kama ni: kotu, tara, rufe shago. Ya bar ni na gama, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ɗauko salularsa ya juyo mini da ita.

"Alhaji, ranar nan da na ce ka turo mini katin ta waya, ba ni ka tura wa ba. A gurup ɗin masallacin unguwa ka saka shi. Ni ma daga can na ɗauko."