Kejin Baƙi da Hannuna na Dama

Gaisuwa gare ku masu wannan mujalla, da duk wanda zai yi haƙurin karanta rubutun tsohuwa. In kun ga baƙaƙen sun karkace, da hagu nake rubutu, kuma sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni matar aure ce da goyo, a wani ƙauye can wajen Mairuwa ta ƙasar Faskari. Ba ni da yawo. Duniyata daga tsakar gida sai madafa sai bakin tafki, amma gidana ba ya rabo da mata, don ina son hira kuma ina da hannun dambu. Kunne kuwa Allah ya ba ni. Daga ɗaka nakan gane wace ce ke daka a makwabta, nakan kuma gane ko da fushi take yi.

Bayan gidanmu akwai tafki babba wanda ba ya ƙafewa ko da rani, kuma cike yake da kadoji tun kakanni. A nan muke ɗiban ruwa, a nan muke wanki, a nan Fulani ke shayar da shanu, ba a taɓa jin kada ya taɓa ɗan Adam ba. Ba tsafi ba ne, doka ce guda biyu da kowace yarinya ke tashi da su. Ta farko, jini ba ya zuwa tafki. Ba a yanka a can, ko kwanon da aka ci nama sai an wanke shi a gida. Ta biyu, in kika isa bakin ruwa sai ki kifa ƙwarya bisa ruwan ki bubbuga bayanta da tafin hannu, ta yi wannan bum-bum ɗin. Da kadojin sun ji, sai ka ga ruwa na tsagewa suna komawa can ƙetare gindin duwatsu. Sallama ce: ga mutane nan, a ba mu wuri. Uwata ta koya mani tun ban iya ɗaukar tulu ba.

Sai ga shekarun nan da kuɗin mai suka fara yawo, aka bar fam da sule aka koma naira, kowa ya ga kamar arziki a bakin titi yake kwance. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi aiki da wani kamfanin Turawa masu yin hanya, ya dawo da akori-kura da agogo da bakin magana. Ya ce ya lura Turawan nan ba abin da suke so irin kallon dabba mai ban tsoro, su ɗauki hoto su kai garinsu, mu kuma ga dukiya kwance a bayan gida muna wanke tsumma a cikinta. Ya sa mai walda a Funtua ya haɗa mashi keji na rodi, tsayinsa ya fi mutum, aka ɗaure shi tsakanin gangunan ƙarfe don ya yi iyo. Baƙo zai shiga, ruwa ya kawo mashi ƙirji, a tura shi tsakiyar tafki da gora, ya ga kada ido da ido.

Da aka zauna kan maganar a ƙofar mai gari, maigidana ya dawo ya ba ni labari, har yana sha'awa. Wai yayana ya ce shi ba zai kashe kada ko ɗaya ba, ba zai kama ba, ba zai ɗaure ba. Wai masu sayen fata sun gama da kadojin wasu garuruwa, amma in namu suna kawo baƙi babu mai barin a taɓa su. Wai sana'a ce mai tsabta, dabba tana gidanta, mutum yana kejinsa, ba a cuci kowa ba. Ya kuma yi alkawarin da abin da aka samu za a gina ma gari rijiyar kankare. Ni ma da na ji, na ce Allah ya sa albarka. Ɗan'uwana ne, kuma maganar ta yi daɗin ji.

Makonnin farko abin bai yi armashi ba. Baƙi su zo ranar Asabar da Lahadi daga Zariya da Kaduna, Turawa da Indiyawa da namu ma'aikata masu sabbin motoci, su jiƙa a banza, kadoji na can gindin duwatsu ba ruwansu. Yayana ya yi fito, ya busa usur, ya buga kwano, ko motsi. Daga nan ya fara zuwa wajen mahauta ranar kasuwa yana kwaso kayan ciki da jini a bokiti. Doka ta farko ke nan ta tafi. Dattawa suka ɗan yi gyaran murya, ya ce ai can tsakiya yake zubawa, ba inda mata ke ɗiba ba, suka ƙyale shi.

Wata Asabar ina tankaɗe a tsakar gida na ji bum-bum daga tafki. Na tsaya. Wannan ba hannun mace ba ne, ya yi nauyi, kuma daga tsakiyar ruwa yake fitowa, ba daga gaɓa ba. Can sai na ji facal, an watsa wani abu, sai ihun baƙi da tafi. Na leƙa ta kan danga. Yayana ne tsaye bisa ganga da ƙwarya a hannu. Ashe ya gane wannan ce kaɗai ƙarar da kadojin suka sani, da sun ji sai su taso su yi motsi, shi kuma sai ya jefa masu hanji a daidai lokacin. Ya buga, ya jefa. Ya buga, ya jefa. Daga baya har na ji da kunnena yana faɗa ma wasu ma'aikata da Hausa wai haka kakanninmu ke kiran kada tun fil azal. Ƙarya tsagwaronta! Kakanninmu korar su suke yi da ita.

Da yamma na aika ya zo. Na ce Yaya, ka ji tsoron Allah, ƙwaryar nan da ita muke sallama, in ka mai da ta kiran abinci mu da me za mu shiga ruwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce uwar surutu an fara, wai yaushe na zama malamar kadoji, ni da ko tashar mota ban sani ba. Ya ce kada ya san tsakiya ya san gaɓa, ya san Asabar ya san Talata. Na ce to a ina kada ya ga kalanda. Ya ce in bar shi da wannan, in zubo mashi dambu. Na faɗa ma maigida, ya ce in rufa mashi asiri kar in haɗa shi da surukinsa. Na je wajen ƙanen ubanmu, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, na durƙusa na ce Baba, a tsawata. Yana sanye da sabuwar rigar da yayana ya ɗinka mashi. Ya ce ɗiyata, mace ba ta hana ɗan'uwanta neman halak, ki je ki yi ta addu'a.

Mu mata mu muka ga sauyin, don mu ke zuwa kullum. Da, in an buga sai ruwa ya tsage ya yi ƙetare. Sannu a hankali sai ya zama an buga sun tsaya cik, idanu a saman ruwa, suna kallo. Na bi gida-gida na ce kowa ta daina bugawa, a ɗiba shiru a tashi. Wasu suka ji, wasu suka ce bakina ya cika kawo abin tsoro. Muka koma tonon ruwa a yashin rafi, da nisansa, har bazara ta matso rafin ya ƙafe ƙaf. Rijiyar kankare kuwa ko harsashi ba a tona ba. Dole muka dawo tafki. Abin da ke ci mani rai har gobe shi ne, baƙon da ya zo wasa na yini ɗaya an kewaye shi da ƙarfe ta ko'ina, mu da muke shiga ruwan nan safe da yamma da goyo a baya ko ƙaya ba a kafa mana ba.

Ranar wata Talata ce da hantsi. Allah ya taimake ni na bar ɗiyata ta goye wajen kakarta. Muna tafe da makwabciyata, ina ba ta labarin wani biki, muna ta dariya. Na sauke tulu, na shiga ruwa zuwa ƙwauri, bakina bai daina zuba ba. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya kifa ƙwarya ya bubbuga ba. Abin da ya saba yi ne tun ina 'yar ƙarama, bai yi shawara da ni ba. Sai da ƙarar ta shiga kunnena na gane abin da na yi. Na ɗaga kai na ga ruwa na tsagewa, amma ba ƙetare ya nufa ba. Kafin in ja da baya wani kada ya kama hannuna na dama da ke riƙe da ƙwaryar, ya murɗa. Na ji ƙarar ƙashina kamar an karya kara. Makwabciyata ta rungume ƙuguna tana kururuwa tana ja, wani Bafulatani da ke shayar da shanu ya sheƙo ya dinga dukan idonsa da sanda har ya saki. Allah ya saka ma bawan Allahn nan, ko sunansa ban sani ba.

A bayan akori-kurar yayana aka kwantar da ni zuwa asibiti a Funtua, a daidai inda yake ɗora bokitan hanji. Ƙarnin nan har yau bai bar hancina ba. Likitoci sun yi iya yinsu, amma sai da aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Ciwon bai ƙona mani rai kamar maganganun da suka biyo baya ba. Masu zuwa dubiya suna zaton barci nake, ni kuwa ina jin komai. Wata ta ce ai ita da bakinta ta hana kowa bugawa, me ya kai ta. Wani ya ce surutu ne ya ja mata. Baba ya ce ƙaddara ce, kar a tada maganar da za ta raba zumunci. Yayana ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa da ledar lemu, ya ce sannu, Allah ya sa kaffara ne, wai shi dama bai taɓa cewa a buga ƙwarya a gaɓa ba. Na juya fuskata bango. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce. Amma ƙaddara ba ita ta je wajen mahauta da bokiti ba.

Kafin a sallame ni, mazan garin nan da suka kasa buɗe baki gaban mutum ɗaya sun nemo maharba sun harbe kadojin kaf, babba da ƙarami, masu sayen fata suka zo suka kwashe. Ka ji sana'ar da aka ce za ta kare su. Ni da aka ci ma hannu na yi masu kuka, don ba su karya alkawari ba, kiran su aka yi suka amsa. Yayana ya tattara ya tafi Legas, ya dawo bayan shekaru da sunan Alhaji. Muna gaisawa a wajen biki da rasuwa, iyakarta ke nan. Har yau bai taɓa cewa in yafe mashi ba, ni ma ban yi mashi tayi ba. Kejin yana nan a gidanmu, an mai da shi akurkin kaji.

Na koyi ɗaura zane da hannu ɗaya da haƙori. Ɗiyata a bayan wasu ta ƙarasa goyo. Daka ta gagare ni, dambun da aka san ni da shi sai dai in zauna in faɗa ma wata yadda za ta yi. A gidan biki ina cin abinci da hagu, baƙin da ba su san ni ba su yi ta kallona kamar marar tarbiyya, sai sun hango guntun su sunkuyar da kai.

Abin da na koya, duk wanda ya zo maku da sana'a ya ce ba ta cutar da kowa, ku tambaye shi su wane ne kowa ɗin. Ku tambaye shi wa ke shiga wurin nan ranar da baƙi ba su zo ba. Masu nuna ma mutane namun daji don kuɗi, ko a ruwa ko a tudu, ku sani duk abin da kuka koya ma dabba ba ta ajiye shi in kun tashi aiki. Ku kuma dattawa, in mace ta durƙusa gabanku ta ce ta ji wani abu ya sauya, ku saurare ta ko da kun san ta da surutu. Jikokina in suna wasa suka kifa ƙwarya a baho suka buga, ba na hana su, ba su san komai ba. Sai dai in tashi in shige ɗaka, in riƙe guntun hannuna har su gama.