Asun Dabino da Asun Gyaɗa

Jiya na buɗe buhun gyaɗa, wani asu mai ɗan dogon baki ya tashi. Sai na tuna da kawuna na Fagge, wanda ya yi aikin duba buhuna a wani siton gyaɗa a Sabon Gari, 'yan shekaru kafin mulkin kai.

Kullum akwai kwalayen ashana biyu a aljihunsa. Ɗaya na asun dabino, wanda ya ce ayarin raƙuma ke kawowa Fagge daga arewa. Ɗayan na asun gyaɗa, wanda ya ce jirgin ƙasa ne ya hauro da shi daga kudu. Baturen siton kuwa cewa yake duk iri ɗaya ne.

Wata rana na je sayen gyaɗa, na tarar an sami asu a buhuna. An ɗora laifin kan wani Buzu da ya sauke dabinonsa a gefen siton, har an ce a ƙone kayansa. Kawu ya juye kwalayen a tafin hannunsa, ƙurar fukafukan ta manne masa a yatsu kamar toka.

Ya ce wa Baturen, "Ranka ya daɗe, dubi bakin wannan, ka dubi na wancan. Ba a yanke wa ƙwaro hukunci sai an san garinsu."

Baturen bai yarda ba, amma ba a ƙone dabinon ba. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya dube shi da irin idon da ya dubi kayan Buzun nan.