Fenti a Gindin Eriya: Tarihin Kunne, Wanda Aka Mayar Kurma

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayin da jama'a suka fara sani da laƙabin Kunne a shekarar 1952, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a ɗakin da ke jingine da bayan shagon mahaifinsa. Mahaifin nasa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa tela ce mai ɗinki da keken ƙafa, kuma 'ya'ya biyu kaɗai Allah Ya ba su, shi da wansa wanda ya girme shi da shekara bakwai. Laƙabin ya samo asali tun yana ɗan shekara shida, lokacin da aka lura cewa yakan tsaya a bakin shago ya nuna agogon da ke latti daga jin bugunsa kawai.

A shekarar 1963 Allah Ya yi wa mahaifinsu rasuwa, sai wan nasa, yana da shekara goma sha takwas, ya ajiye karatunsa ya shiga gareji koyon fentin mota domin ƙanensa ya ci gaba da makaranta. Wajibi ne a rubuta wannan alheri a nan saboda adalci, kuma saboda shi ne igiyar da aka ɗaure bakin marigayi da ita daga baya.

Karatu da fara aiki

Daga 1966 zuwa 1970 ya yi karatu a makarantar koyon sana'a, sashen lantarki, inda malamansa suka shaida cewa mitar awon wuta a hannunsa ado ce, domin kafin allurarta ta motsa kunnensa ya riga ya yanke hukunci. Bayan kammalawa ya yi shekara shida a wani shagon gyaran rediyo a bakin kasuwa, yana liƙa wayoyi da dalma a kan teburin da ƙafarsa ɗaya tubali ce.

A 1976, bisa shawarar wansa, wanda a lokacin ya zama shugaban masu fenti a wani babban gareji na motocin tsere, aka ɗauke shi aikin kula da rediyon da direba ke magana da masu lura da hanya ta cikinsa. Motocin ƙanana ne, masu ƙofa biyu, masu cikin da ke kusan shafar ƙasa, kuma a irin gudun da suke yi, direban da bai ji gargaɗi ba daidai yake da makaho.

A nan ne hikimarsa ta bayyana. Idan aka kawo motar da rediyonta ke shuuu, ba ya fara kwance komai. Yakan zauna a kujerar direba ya rufe ido ya taka totur. In ƙarar ta hau tare da injin, ya san daga fulogi ne ko daga na'urar cajin batir. In kuwa sai an faɗa rami take yankewa, to waya ce ta karye a cikin rigarta. Amma ciwon da ya fi tsoro shi ne na rediyon da ke magana tangaram a kusa, ya mutu a nesa, domin wannan alama ce ta cewa gindin eriya bai taɓa tsiraicin ƙarfen mota ba, tsatsa ko fenti ya shiga tsakani. Saboda haka ya kafa wa kansa ƙa'ida: duk motar da aka taɓa eriyarta sai an tuƙa ta kilomita goma sha biyu zuwa bayan wani dutse an yi kira daga can. Yakan ce wa abokan aikinsa, “Rediyo a cikin gareji munafuki ne, kowa ya gaishe shi amsawa yake.”

Aure da iyali

A shekarar 1978 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, mace mai kaifin harshe da tsabtar zuciya, wadda ta ce ta amince da shi ne domin shi kaɗai a cikin manemanta yake bari ta kai ƙarshen magana. Allah Ya albarkace su da ɗa namiji a 1979, sai mata biyu a 1982 da 1985. Babban ɗan ya taso da alfahari da mahaifinsa, har yakan yi dambe a makaranta idan wani ya ce akwai wanda ya fi babansa sanin rediyo.

Waƙi'ar 1988

A watan Maris na 1988, saura kwana uku a yi babban tseren shekara, maigidan gareji ya ga cewa shuɗin launin motarsa ta ɗaya bai fita a hoto ba, ya ba da umarni a mayar da ita ja. Ranar ta yi daidai da ranar da maiɗakin marigayi ta kwanta naƙudar autansu, saboda haka yana asibiti. Wansa ya kwance eriyar da hannunsa, ya fesa fenti shafi uku, ya mayar da ita ya ɗaure. Duk mai fentin da ya yi wata guda a garejin ya san ana kankare da'ira kamar faɗin kwabo a gindin eriya kafin a mayar. Shi da ya yi shekara ashirin da biyar a sana'ar ya fi kowa sani. Ya dubi ƙyallin aikinsa ne ya ji ba zai iya sa masa wuƙa ba.

Da marigayi ya dawo ya tarar da mota ja, ya tambayi wansa ko an kankare, aka amsa masa da cewa, “Kai, yaushe ka fara koya mini aiki?” Ya nemi a kai motar bayan dutse, maigida ya ce fentin bai gama bushewa ba, ƙura za ta ɓata shi. Aka gwada rediyo a cikin gareji, murya ta fito garau. Aka miƙa masa takardar shaidar cewa rediyo lafiya lau yake, ya sa hannu. Wannan shi ne kuskurensa, kuma ba za a ɓoye shi ba: ya yarda da maganar wansa.

Ranar tsere wata babbar mota ta lalace a bayan wata kwana. Masu lura da hanya suka kira direban jar motar, wani matashi da ake yi wa laƙabi da Guguwa, har sau bakwai. Bai ji ko ɗaya ba, ya sha kwanar a guje ya afka wa babbar motar. Ya rayu, amma ƙafarsa ta dama a nan ta tsaya.

Washegari da safe marigayi ya je inda aka ajiye ɓaraguzan motar, ya sa sifana ya kwance gindin eriyar, ya ga jan fenti kwance a ƙarƙashinta sumul, ko ƙwarzane babu. Ya daɗe a tsugune, sannan ya mayar da notin ya ɗaure.

Kwamitin bincike ya zauna a watan Afrilu, kuma abin takaici ne a ce mutum biyar masu takardun shaida sun yi kwana huɗu suna shan shayi a kan lamarin rediyo, babu ɗayansu da ya yi tunanin ɗaga eriya ya leƙa. Maigida bai ambaci cewa shi ya hana gwaji ba. Wan marigayi yana zaune a layi na biyu, ya harɗe hannu. Da aka tambayi marigayi ko yana da abin faɗa, ya juya ya dubi wansa, ya ba shi lokaci isasshe, wan ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Sai marigayi ya ce, “Ni na sa hannu.” Aka karɓe takardar izininsa, aka sallame shi.

Shekarun bayan sallama

Mutane, da yake laifi tudu ne, ba su ɓata lokaci ba. Waɗanda jiya suke layi a ƙofarsa su ne suka canza masa laƙabi daga Kunne zuwa Kurma, kuma sunan ya bi 'ya'yansa har aji. Babban ɗansa, yana ɗan shekara tara, ya daina dambe saboda mahaifinsa. Ya koma sauya hanya idan ya hango shi. Wannan ya fi korar aiki yi wa marigayi ciwo nesa ba kusa ba.

A 1989 ya kafa rumfar kwano a gefen wata tashar mota yana gyaran rediyon tasi da na manyan motoci, kuma a nan ya yi shekara ashirin da takwas. Bai taɓa sallamar mota ba sai ya kankare gindin eriyarta ya shafa man hana tsatsa, ya sa direba ya tafi nesa ya dawo ya ba shi labari. Direbobi suna yi masa tsiya cewa tsoho ya cika ƙa'ida, amma ba sa kai motarsu wani wuri.

Maiɗakinsa kaɗai ya gaya wa gaskiya, ita kuwa ba ta iya haɗiye irin wannan ba. Ta faɗa wa 'ya'yan tun suna ƙanana, ta maimaita da suka girma, sai dai sun ɗauke ta a matsayin mace mai kare mijinta, musamman da yake duk lokacin da suka tambayi mahaifinsu amsarsa ɗaya ce, cewa shi ya sa hannu. Takan ce masa, “Wallahi haƙurinka ya fara zama zalunci, kuma 'ya'yana kake zalunta.” Shi kuwa sai ya ce, “Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaya zai faɗa da bakinsa, ki ba shi lokaci.”

An ba shi lokaci. A cikinsa wan nasa ya buɗe garejin kansa a 1994, ya gina gida mai bene, ya zama dattijon da ake kira sasanta rigima. Yakan zo gidan ƙanensa da leda cike da lemo, ya shafa kan yara, ya yi musu nasiha a kan riƙon amana. A 2003, da babban ɗan marigayi zai yi aure, kai tsaye ya wuce wurin wan mahaifinsa ya roƙe shi ya tsaya masa a matsayin uba, shi kuma, ba kunya ba tsoron Allah, ya tsaya. Marigayi ya halarci bikin ɗansa yana zaune a cikin baƙi.

Rashin lafiya da rasuwa

A 2017 ciwon ƙirji ya tilasta masa rufe rumfa. A watan Yuni na 2021, da jiki ya yi tsanani, ya sa aka tara masa 'ya'yansa huɗu a ɗakin asibiti da hantsi, ya aika a kira wansa. Cikin shekara talatin da uku bai taɓa roƙonsa komai ba sai ran nan. Ya kama hannunsa ya ce, “Yaya, ga yaran nan. Ka gaya musu maganar jar mota. Ba kotu, ba kwamiti, mu kaɗai ne.”

Babban ɗan ya ɗago kai, karo na farko a ranar, ya zuba wa wan mahaifinsa ido. Dattijon ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya dubi ma'aikaciyar jinyar da ke bakin ƙofa ya ce, “Zazzaɓin nan ya fara taɓa masa kai. A ƙara masa ruwa.”

Marigayi ya saki hannun. Bai sake magana ba, kuma Allah Ya karɓi ransa bayan kwana biyu, ranar Alhamis da safe, yana da shekara sittin da tara. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Direbobin tasha sun zo da yawa, haka ma Guguwa, wanda ya zo a kan sandarsa ya tsaya har aka gama. Allah Ya jiƙansa, Ya saka masa.

Ya rasu ya bar matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa, ma'aikacin banki, wanda har yau yake cewa bai san maganar wa zai kama ba, 'yarsa ta farko, malamar makaranta, ta biyu, mai harhaɗa magunguna, da autansa, wanda ya sake buɗe rumfar. Ya bar jikoki goma sha ɗaya. Ya kuma bar wansa, mai shekara saba'in da shida, wanda ya zauna a gaba ya karɓi gaisuwar ta'aziyya, yana nan da ransa da lafiyarsa, da cikakken hankalinsa, da harshensa a cikin bakinsa.