Lemar da Kawu ya riƙe a Arfa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya kawo ni Makka. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Hindawiyya, aiki ɗaya muke yi a kamfanin da ke dafa wa alhazai abinci. Mutum ne mai hankali a kan komai, sai dai idan an zo maganar babban ɗansa da ke gida. Nan kam hankalin yakan tafi hutu.

Shi yaron, aikin soja yake so. Ba kurtu ba, hafsa. Ni taubashinsa ne, don haka tun yana ƙarami nake kiransa Janar ina sara masa a waya, shi kuma ya ce ranar da ya sa kaki ni zai fara kamawa. Sau biyu ya ci jarrabawar makarantar horar da hafsoshi, sau biyu ya je tantancewa, ya yi gudun, likita ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau, amma da sunaye suka fito babu nasa. Kowace jiha guraben da ake ba ta kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Abin da kowa ke faɗa shi ne jarrabawa bakin ƙofa kawai take kai mutum, sai wani babba ya ce wannan nawa ne sannan a buɗe. Ko gaskiya ne ko ƙarya ni ban sani ba, amma Kawu ya yarda da maganar ɗari bisa ɗari. Ga shi shekarun yaron sun zo gaɓa, idan ya faɗi a karo na uku shi ke nan.

Akwai wata dabara da ma'aikatanmu ke taƙama da ita, wai babban mutum a Arfa ake kama shi. A gida sai ka wuce maigadi da ɗan sanda da sakatare kafin ka ga ƙeyarsa. A Arfa kuwa ga shi nan cikin harami, tumbi a waje, kuma an hana mai harami jayayya da faɗa, saboda haka duk abin da ka roƙa ba zai kore ka ba. Na sha jin wannan hikima a ɗakin girki. Abin da ban taɓa ji ba shi ne labarin wanda ta yi wa amfani.

A wannan shekarar ne layi ya zo kan Kawu. Kamfaninmu yakan nema wa ma'aikata kaɗan tasrihi, wato izinin yin aikin Hajji, bi da bi, sauran kuma su yi aiki. Kawu ya daɗe yana jira. Ya kwashe shara a Muzdalifa, ya ɗauki tukwane a Arfa shekara da shekaru, bai taɓa tsayawa a filin nan a matsayin mahajjaci ba. Har haraminsa ya saya ya ajiye a ƙarƙashin katifa. Sai labari ya zo cewa wani mai girma daga jiharmu, irin waɗanda aka ce kalmarsu ɗaya ta isa, yana cikin tantin manyan baƙi da kamfaninmu zai ciyar. Kawu ya je wurin mudir, wato manajan kamfanin, ya ce a ba wani gurbinsa, shi a sa shi hidimar tantin.

Na yi masa magana iyakar yadda ɗa zai yi wa kawunsa. Na ce ranar da duniya ke tahowa don ta roƙi Allah, shi zai je roƙon ɗan siyasa. Ya ce ni yaro ne, Hajji yana nan baɗi, shekarun Janar ne ba sa jira. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ranar Arfa ni ma ina tantin, ina kai abinci. Na ga mai girma da idona. Zafin da ake yi ya isa ya gasa nama, shi kuwa yana kishingiɗe gaban na'urar sanyaya ɗaki yana ƙorafin shayi ya huce. Kawu ne mai ƙanƙara, Kawu ne mai gyara matashi, Kawu ne mai nemo silifas idan ya ɓata. Kuma ashe ba shi kaɗai ya san dabarar ba. Wani direba na neman wa ƙanensa aikin kwastan, wata mai shara na neman wa 'yarta gurbin karatun jinya, duk suna kewaya tantin kamar kaji sun ga mai tsaba. Kowa amsa ɗaya yake samu, in sha Allahu, tare da murmushi.

Bayan la'asar mai girma ya fito yin addu'a, Kawu ya bi shi da lema. Kafin ya ɗaga hannu, Kawu ya durƙusa ya faɗi bukatarsa, ya faɗi sunan yaron har da na kakansa. Mai girma ya dafa kafaɗarsa ya ce, “A wannan fili ka roƙe ni? Ai an gama.” Daga nan har rana ta faɗi Kawu na tsaye a bayansa, hannu biyu a kan lema, mutane ta ko'ina suna kuka suna roƙon Ubangijinsu.

Watannin da suka biyo baya Kawu ya yi ta kiran lambar da aka ba shi, wani yaron gidan ke ɗauka ya ce Yallaɓai na taro. Janar ya sake cin jarrabawa, ya sake zuwa tantancewa. Sunaye suka fito, babu nasa. Tun daga ranar ban ƙara sara masa a waya ba. Hajjin baɗi da Kawu ya dogara da shi ma bai samu ba, don kamfanin ya rage ma'aikata, tasrihi kuma ya zama sai wanda mudir ya ga dama.

Da muka ji mai girma ya zo Umara, Kawu ya ce in raka shi masaukinsa. Na bi shi ne don ina so in ga da wace fuska mutumin zai kalle mu. Da fuskarsa ya kalle mu, mai sheƙi, ba ko ɗigon kunya. Sai da Kawu ya tuna masa da lemar sannan ya gane shi. Ya ce abubuwan sun yi yawa a bara, kowa da nasa. Sannan ya sassauta murya kamar mai wa'azi.

“Amma ka kwantar da hankalinka, malam. Na yi wa yaron addu'a a Arfa, da sunansa.”

Na buɗe baki, Kawu ya take mini ƙafa. Ya ce amin, ya ce ya gode, ranka ya daɗe.

Muka shiga tasi muka nufi Hindawiyya har muka kusa gida. Yana kallon taga ya ce, “Ni ke riƙe da lemar, ɗana. Na ji ya ambaci 'ya'yansa, ya ambaci zaɓe. Ban ji sunan yarona ba.”