Jar Fitilar Ƙanena

Ƙanena ya yi shekaru a Kwatano yana aikin gashi a wani gidan cin abinci na Japanawa. Irin wurin nan ne da ma'aikata ke faɗawa in an tashi aiki, su jeru a kan dogon benci suna fuskantar mai gashi, ana miƙo musu abinci kaɗan-kaɗan a ƙananan faranti suna hira. Ya ce duk birnin ba wanda ya kama ƙafar nasu, har layi ake yi a ƙofa. Mu a gida abin da muka sani kawai yana gasa wa baƙi kifi, kuma ɗan Basarke, jinin masunta, in ya gasa kifi bai yi abin kunya ba. Ni kaɗai ya faɗa wa cewa rabin abin da ake sayarwa a wurin giya ce. Ya rantse mini bai taɓa kai ta baki ba, kuma ita ce ma ta koro shi gida.

Da ya dawo sai ya kama shago a Bagudo, kusa da inda 'yan kabu-kabu masu haya da babur ke tsayawa, ya ce zai yi irin na can amma ba ɗigon giya. Har nan ba laifi. Laifin shi ne yaron nan ba ya jin shawara, kuma komai ya gani a wajen ubangidansa sai ya kwaikwaya. Ya rataya wani guntun labule a ƙofa wanda bai wuce kafaɗa ba. Ya sayo ƙananan tuluna da kofuna kamar na wasan yara, yana zuba zoɓo da shayi a ciki. Sannan ya kawo babbar masifar, wata jar fitila ta takarda mai kama da goran nono, ya rataye ta a bakin ƙofa. Wai a can ita ce alamar akwai abinci mai daɗi a ciki.

To, a can ke nan. A wajenmu duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka da shinkafa ko albasa ya san irin ɗakunan da ake sa wa jan ƙwan lantarki a ƙofa da labule, ya kuma san abin da ake sha a ciki. Kafin sati biyu magana ta gama gari: ɗan gidan wane ya dawo daga Kwatano ya buɗe gidan giya. Na same shi a masallaci na ce ya sauke abin nan. Ya ce in zo in gani da idona tukuna. Raina ya ɓaci, na ce ba zan zo ba. Ina koyarwa a firamare a garin, iyayen yara sun san fuskata, ba zan tsaya ƙarƙashin jar fitila a gan ni ba. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce ni ma zuciyata ta fara raya mini ko da gaske ne.

Wata uku ban taka wurin ba. Sai ga saƙo daga ƙauyenmu na bakin ruwa, ta wajen Ka'oje, wai Baba yana nemana, in zo da babur. Na iske shi ya sa farar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Laraba ce. Inna tana bakin murhu ta juya mana baya, na san kuka take yi. Baba mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a cikin jirgi da taru, ba ya yawan magana, kuma in ya faɗi abu ba ya dawowa kansa.

Ya ce, "Kai ni wurin ƙanenka. In na ishe abin da anka ce, kai na shaida, daga yau ɗa guda gare ni."

Ban taɓa tuƙa babur a hankali kamar ranar ba. Damina ce, hanya duk taɓo, kowane kududdufi sai na tsaya na yi kamar ina neman wurin bi. So nake in sami wanda zan aika ya gargaɗi yaron, amma Baba yana bayana ya riƙe sandarsa, ko waya ban isa in ciro ba. Addu'a kawai nake yi, Allah ya sa ƙanena mai taurin kai ne kawai, ba maƙaryaci ba.

Mun isa bayan la'asar. Baba ya tsaya ya dubi fitilar sama da ƙasa, ya ɗaga labulen da kan sanda, ya shiga. Ƙanena yana bayan murhun gawayi ya ɗaure kai da ƙyalle. Ya buɗe baki zai rangaɗa irin marabar da suke yi wa baƙo da ƙarfi a can Kwatano, sai ya ga ko wane ne, ya fasa. Ya zagayo ya durƙusa. Baba bai amsa gaisuwar ba. Mutum biyu da ke cin abinci, wasu 'yan kasuwar shanu, suka tattara suka fice.

Daga nan bincike ya fara. Baba ya ɗauki tulunan ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Zoɓo. Shayi. Kunun zaƙi. Ya buɗe firji, ya leƙa ƙarƙashin benci, ya sa a jawo buhun gawayi ya duba bayansa. Ni kuma ina tsaye ina ƙirga abin da ya rage, hankalina ya fara kwanciya. Can sai ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wata doguwar kwalba mai baƙin ruwa, da rubutun da ba ajami ba, ba boko ba. Yana cire murfin wani wari mai tsami ya bugo ni daga inda nake. Na ce a raina shi ke nan, yaron nan ya kashe mu.

Baba ya ce, "Mi na wanga?"

Ƙanena ya ce, "Ruwan waken suya na, Baba. Da gishiri. Shi aka shafa ma kihi."

Baba bai dube shi ba. Ya ɗiga a tafin hannu, ya shinshina, ya daɗe, sannan ya lasa. Ya sake ɗigawa ya sake lasa.

"Daddawa ta," in ji Baba. "Daddawa ta anka tsiyaye ma ruwa. Su ma ashe sun san ta."

Wallahi sai na ji ni zaune a kan benci. Wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya. Dariya ta zo mini, na danne ta da ƙyar, don Baba bai gama ba. Ya zauna shi ma, ya jingine sanda, ya ce tunda an zo a kawo abin da ake sayarwa a gani.

Ƙanena ya kawo ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu. Baba ya juya shi, ya ajiye, ya ce a ba shi ruwa da kwano kamar mutane. Aka kawo tsinkaye biyu na cin abinci, ya tura su gefe. Sai faranti na farko ya iso, yanka uku na giwan ruwa a tsire, sun yi ja suna ƙyalli. Baba ya dubi farantin, ya dubi ɗansa.

"Wanga ɗanɗano na, ko ko yunwa aka saidawa nan?"

Amma ya ci. Aka kawo karfasa da citta, ya ci. Aka kawo ɗan curin shinkafa da aka gasa bayansa ya yi ƙamshi, ya tambaya ta ina ce, aka ce ta fadamar Ka'oje ce, ya gyaɗa kai. A kan kifin ne kawai ya yi faɗa. Ya ce giwan ruwan nan ya kwana, duk wanda ya sayar masa ya raina shi, ɗan Basarke guda a ba shi kifin jiya ya karɓa. Ƙanena yana ta cewa to, Baba, to, Baba. Ban taɓa jin daɗin faɗan Baba kamar na ranar ba, don na san ba ya ɓata bakinsa a kan wanda ya sallama.

Sai ya juyo kaina. "Kai kuma, malamin makaranta. Ni nisa gare ni, ga tsuhwa. Kai da kake cikin garin ga, mi ya hana ka zaka ka shinshina kwalba guda?" Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni, kuma na cancance ta.

Na ɗauka zai ce mu tafi. Sai ya ce a fitar masa da tabarma waje, bakin ƙofa, a biyo shi da sauran kifin. Ya zauna a nan da farar rigarsa, a idon 'yan kabu-kabu da masu dawowa daga kasuwa, yana ci a hankali kamar a zaurensa. Na fito na zauna kusa da shi. Mutane suna wucewa suna rage tafiya. Wani dattijo dillalin shinkafa, wanda na tabbata da bakinsa maganar ta isa ƙauyenmu, ya tsaya da kekensa ya riƙe baki.

"Malam, kai na nan?"

Baba ya ɗaga murya yadda har na cikin shago zai ji. "Ni na. Wurin ɗana na. Sauko ka ci kihi."

Dillalin ya yi 'yan kame-kame, ya jingine keke, ya zauna. Baba ya ce in leƙa in ce a ƙaro faranti. Da na ɗaga labulen na iske ƙanena ya juya wa ƙofa baya, kafaɗunsa suna rawa, hayaƙi ya cika shagon, kifin da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus bai sani ba. Na karɓi mafici daga hannunsa na ce ya je ya wanke fuska, Baba yana jira.